Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Duk wanda ya taɓa tayar da injin ban ruwa a fadama da sanyin asuba ya san ba a jan igiya sai an fara ɗura wa injin ruwa a cikinsa. Ka bar shi fayau, zai yi ta kuka har mai ya ƙare bai zuƙo ko ɗigo ba. Tun injin bai zo ƙasar nan ba Bahaushe ya riga ya faɗi maganar, ga shi kuma ƙarfe ya zo ya gaskata shi.

Maganata da ku ce, 'yan'uwana masu gyaran famfo, masu haƙa burtsatse, manoman rani, makanikai masu fama da birki da jak, leburorin hukumar ruwa, da ku samari da 'yan mata da ke wurin aiki da safe kuna foliteknik da yamma. Akwai wani fanni da za ku ga an rubuta Fluid Mechanics a bangon littattafansa, wato ilimin yadda ruwa da mai da iska suke zama, suke danna abin da ya tare su, suke gudu. An daɗe ana nuna muku shi daga nesa kamar kayan masu farar hular kwano ne su kaɗai, har wasunku suka yarda. Ni ban yarda ba. Ruwan cikin yana wurinku tuni, shekara da shekaru kuna tara shi da hannuwanku. Abin da ya rage shi ne ku san rijiyar da za ku jefa tiyo a ciki, wato littafin da za ku zaɓa.

Bari in fara da labarin wani ɗan'uwanku. A littafin da Galileo, masanin nan na Italiya, ya fitar a 1638, an kawo labarin wani famfo da ya daina jawo ruwa da ruwan ya ja baya. Aka kira mai gyara. Ya duba ya ce famfo lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ya yi nisa, kuma babu famfon zuƙa, babba ko ƙarami, da zai ɗaga ruwa fiye da zira'i 18, wato mita 10 da 'yan kai. Littafin bai ambaci sunan mutumin ba, amma maganarsa ta tsaya wa masana a rai. Bayan 'yan shekaru almajirin Galileo, Torricelli, ya gwada da zaiba a bututun gilashi, ya gano dalilin. Ashe famfo ba ya jan ruwa da ƙarfinsa. Wuri yake buɗewa a cikin bututu, sai nauyin iskar da ke danne saman ruwan ya turo shi sama. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka, iyakarsa ginshiƙin ruwa mai tsayin mita 10.3 a bakin teku. In ka cire abin da gogayyar tiyo ta ci da 'yar iskar da ke saɗaɗowa ta mahaɗa, sai ka ga injin ya sare tun a mita 7 ko 8. A tudu irin na Jos ma bai kai haka ba, don iskar can ta fi sauƙi.

To, malam manomi, ramin nan da kake haƙawa a watan Afrilu ka saukar da injin ƙasa don ya matso kusa da ruwa, darasi ne guda a cikin littafin. Ka riga ka ci jarrabawarsa a aikace. Amma na san wani manomi da ya sayar da injinsa da arha a irin wannan lokaci, yana zaton ya mutu, ya ci bashi ya sayo babba, shi ma babban ya ƙi zuƙa. Tumatirinsa ya ƙone yana kallo. Shafi biyu na karatu da sun tsare masa gonarsa, kuma wannan ne ya sa nake wannan rubutu da zafi.

Wani zai ce shekaru sun ja, karatu ya wuce shi. Ka ji labarin Robert Manning na ƙasar Ailan. An haife shi a 1816, kuma da aikin akawu ya fara neman abinci. A 1846, lokacin babbar yunwar da ta afka wa ƙasar, aka ɗauke shi aiki a sashen magudanan ruwa. Bai taɓa zama ajin koyon wannan fanni ba. Ya samu littafin wani Bafaranshe mai suna d'Aubuisson, ya duƙufa a kansa, yana karatu yana auna ruwa a bakin aiki. Ya zama babban injiniyan ayyuka na ƙasar, kuma a 1889, yana da shekara 73, ya gabatar da ƙa'idar lissafa gudun ruwa a buɗaɗɗiyar hanya. Har gobe ƙa'idar Manning ake koya wa duk wanda zai auna kwalbati ko lambatu ko kanal irin waɗanda ke kai ruwan Tiga gonakin Kadawa. Gemu bai hana shi ilimi ba, kuma da littafi guda ya soma.

Sai dai littafi suna ya tara. A nan mutane da yawa suke faɗuwa, su ɗora wa ƙwaƙwalwarsu laifin da ba nata ba. Akwai wani shahararre na G. K. Batchelor, malamin Kambirij, wanda ya fito a 1967, sunansa An Introduction to Fluid Dynamics. Sunan yana cewa gabatarwa, masana kuma suna girmama shi ƙwarai, kuma ya cancanta. Amma an rubuta shi ne don wanda ya riga ya ƙoshi da lissafi mai zurfi. Mai gyaran famfo ya buɗe shi a matsayin littafin fari, kafin shafi goma zai rufe ya ce Allah bai yi shi don boko ba. Alhali mu da muka tashi muna ganin karatun zaure mun san tsari. Ba a miƙa wa sabon almajiri Muhtasar. Da Ahalari yake farawa, ya bi ta Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyar riƙe Ahalari don yana da furfura. Haka wannan fanni yake da matakala. Ka nemi taka, ka taka.

In lissafinka ya tsaya a na sakandare, ko ma ya yi tsatsa, kada ka fara da manyan littattafan jami'a. Jami'ar Rice ta Amurka tana fitar da littattafai kyauta da sunan OpenStax, ana sauke su a waya. A cikin na College Physics akwai babi biyu a jere, ɗaya kan ruwan da ke tsaye, ɗaya kan ruwan da ke gudu, kuma babu kalkulas a ciki, tarawa ce da ninkawa da rabawa da ɗan aljabara. Wannan ne Ahalarinka. Ka haɗa shi da littafin aiki. Thomas Jordan ya rubuta A Handbook of Gravity-Flow Water Systems don masu jawo wa ƙauyukan Nefal ruwa daga idon ruwa a kan tsauni, da harshe mai sauƙi da jadawalin bututu. Kada ka ce mu ba mu da tsaunukan Nefal. Tankin da ka ɗora a kan hasumiyar ƙarfe shi ne tsauninka, lissafin ɗaya ne. Manomin rani kuma ya nemi Water Lifting Devices na Peter Fraenkel, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1986 ta kuma sa shi kyauta a intanet. A ciki zai tarar da jigon kakanninsa zaune kusa da injin zamani, kowanne da lissafin ƙarfinsa.

In kuwa ka taɓa kalkulas, ko kana shirin jarrabawa, to ka iso kasuwar manya. Wanda zan miƙa wa mai koyo shi kaɗai, ba malami a kusa, shi ne na Çengel da Cimbala, wanda ya fara fitowa a 2006. Yana da kauri, amma kaurin bayani ne da hotuna. Yakan faɗa maka abin da ke faruwa a cikin bututu kafin ya jefo maka alamomi, kuma mai sana'a abin da yake so ke nan. Na Munson da Young da Okiishi, na 1990, yana biye da shi a sauƙin hali. Na Frank White, wanda ke hannun ɗalibai tun 1979, ƙwararre ne, sai dai yana takawa da sauri, ya fi daɗi in akwai mai jan ka. Na Fox da McDonald kuma horo ne, kowace matsala sai ka bi ta mataki mataki, ba tsallake.

Na san wanda ya fi yawo a hannun ɗalibanmu shi ne na R. K. Bansal daga Indiya, saboda araha da tarin misalan da aka warware, ga kuma babobi kan famfo da injinan madatsar ruwa. Ba na raina shi. Na Ranald Giles a jerin Schaum ma haka yake, rumbun atisaye ne. Abin da nake jin tsoro shi ne yadda ake riƙe su. Ɗalibi ya haddace misali ɗari, ya ci jarrabawa, a kai shi bakin burtsatse ya kasa faɗin dalilin da ruwa ba ya kaiwa bene na biyu. Irin waɗannan littattafai fagen motsa jini ne. Ka fahimci magana a littafin bayani, ka zo nan ka yi gumi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai da suka yi karatu da Faransanci kuma suna da Hydraulique générale na Lencastre, wanda ma'aikatan ruwa suka daɗe suna aiki da shi.

Amma kada ka ɗauki maganata ka tafi da ita ido rufe. Kai da ba ka sayen bawul sai ka hura shi ka ji ko yana yoyo, don me za ka sayi littafi ba gwaji? Ka shiga shagon littattafai, ko ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, ko na makarantar da ke kusa da kai, ɗauke da tambayar da ta taɓa hana ka barci a wurin aiki. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Misali, maigida ya ce ruwan banɗakinsa ba ƙarfi, a sayo tanki babba. Buɗe babin matsin ruwa ka karanta tsaye. Littafin kirki zai nuna maka cikin 'yan mintuna cewa matsi daga tsayi yake zuwa, faɗin tanki ba ya ƙara masa komai. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kusan bar ɗaya a gejin matsi. Tankin lita 5,000 da na lita 500, in saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfinsu a bakin famfo ɗaya ne. Zai kuma tuna maka cewa lita 1,000 tan guda ce cur, don ka san abin da kake ɗora wa ƙafafun hasumiya. In ka karanta ka gane, har ka ji kana gyaɗa kai, littafin naka ne. In ka karanta sau biyu ba ka ga inda aka dosa ba, ajiye shi ka ɗauki wani, ba tare da ka zargi kanka ba.

Daga nan ka leƙa babin gudun ruwa a bututu, domin nan abincinka yake. Ka nemi wani zane mai layuka da yawa kamar saƙar gizo, wanda Lewis Moody ya fitar a 1944. Kada ya ba ka tsoro, taswira ce kawai ta yawan ƙarfin da bututu ke cinyewa. A babin nan za ka gamu da abin da zai canza maka aiki har abada: in ka ninka faɗin bututu, daga inci 1 zuwa inci 2, kana tura ruwa daidai da na da, ƙarfin da gogayya ke ci yana raguwa kusan sau talatin. Sau talatin, ɗan'uwa! In kuma ka matsa wa siririn bututu ya ɗauki ruwa ninki biyu, asarar tana hawa kusan ninki huɗu. Gidaje nawa aka saya wa famfo mai tsada, gonaki nawa ke shan fetur kamar rairayi, alhali ciwon yana jikin siririn tiyo mai tsawo da gwiwoyi barkatai? Mai sana'ar da ya riƙe wannan lissafi, ranar da ya buɗe baki a gaban maigida ko ɗan kwangila, da lamba zai yi magana, kuma kuɗin aikinsa ba zai zauna inda yake ba.

Ka duba babin famfo ma. Haruffan nan biyu da ke jikin farantin kowane sumo, Q da H, yawan ruwa ne da tsayin da zai kai shi, kuma in ɗaya ya hau ɗayan sauka yake. Littafin da ya dace zai koya maka karanta lanƙwasar zanen da ke nuna haka, ya nuna maka cewa ɗaga lita ɗaya a daƙiƙa zuwa mita 20 yana cin kusan wat 200, in famfon kuma rabin ƙarfin da aka ba shi yake mayarwa aiki, sai ka tanadi 400. Yanzu da burtsatse mai sola ke yaɗuwa a ƙauyuka da gonaki, wanda ya iya wannan lissafi shi zai faɗi yawan faifan da za a saya, ba ƙari ba ragi. A babin nan ne kuma za ka ji dalilin ƙarar nan kamar injin yana tauna tsakuwa: matsi ne ya faɗi ƙwarai a bakin zuƙa har ruwa ya tafasa ba wuta, kumfar tana fashewa tana cin fankar ciki.

Abu biyu ƙanana kafin ka biya kuɗi. Ka tabbata akwai amsoshin atisaye a bayan littafin, don mai karatu shi kaɗai ba shi da mai duba masa sai su. Ka kuma nemi bugun da ke aiki da mita da lita da kilo. Littattafan Amurka sukan cakuɗa da ƙafa da galan, galan ɗin ma iri biyu ne, na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5. Mu da muke sayen bututu da inci, mu auna rijiya da mita ko ƙafa, mu sayi injin da ƙarfin doki, dole mu iya juya wannan zuwa wancan, amma a fara da ma'auni guda tukuna. Batun sabon bugu kuwa, kada ya ɗaga maka hankali. Masanin nan Bernoulli ya buga littafinsa kan ruwa a 1738, kuma ruwa bai sake hali ba daga lokacin zuwa yau. Bugu na huɗu da ka tsinta a gwanjo, ko wanda wani tsohon ɗalibi ya ajiye yana shan ƙura, zai yi maka aikin da na tara zai yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saura Turanci, kuma ba zan ɓoye muku ba, tudu ne. Amma kalmomin da ke maimaita kansu a fannin ba su da yawa, kuma kusan kowace tana da 'yar'uwa a bakinku. Bakanike da ya ce birki ya sha iska, a zo a yi bilidin, ya riga ya san mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, kuma da wannan da dokar Pascal ake ɗaga tirela da ɗan jak. Wanda ya murza baƙin mai tsakanin yatsu ya ce ya tsinke, ya san kaurin mai da yadda zafi ke rage shi. Mai famfon da ya ji bututu ya buga kamar an sa masa guduma don an rufe bawul farat ɗaya, ya san abin da wani masani mai suna Zhukovsky ya auna a bututun ruwan Mosko a ƙarshen ƙarni na 19. Ka sayi ɗan littafin rubutu, duk kalmar da ka ci karo da ita ka rubuta ta, a gabanta ka sa yadda kuke faɗinta a gareji ko a gona. Kafin wata uku ka yi ƙamus na kanka, irin wanda babu shi a kasuwa, wanda yaran shagonka za su gada.

Kuma kada ka yi karatun kai kaɗai in da hali. Ku haɗu ku uku ko huɗu bayan sallar isha'i, ko ranar Juma'a da yamma, ku yi karo-karo ku sayi littafi ɗaya. A samu ɗalibin foliteknik ko na Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ya riƙa ja muku baƙi, ku kuma ku riƙa ba shi abin da ajinsu bai ba shi ba, domin shi ya ga zanen famfo, ku kun kwance shi sau ɗari. Shafi biyu a zama ya isa. In kun gaji da haruffa, akwai tsofaffin finafinan koyarwa da Ascher Shapiro na jami'ar MIT ya jagoranci shiryawa a shekarun 1960, suna nan a YouTube, za ku ga ruwa da hayaƙi suna yin abin da littafin ke faɗa.

Ku ma kuna iya yin naku. A 1883, a Manchesta, Osborne Reynolds ya saki zaren launi a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. Da ruwan ke tafiya a hankali, launin ya miƙe siriri kamar zare. Da ya ƙara buɗe famfo, sai zaren ya watse ya gauraye. Daga nan aka samu lambar da ke ɗauke da sunansa, wadda ke raba tafiyar ruwa ta natsuwa da ta hargitsi, kuma babu littafin wannan fanni da ba za ka same ta a ciki ba. Tiyo mai haske irin na magina, da sirinji, da ɗan zoɓo mai kauri, sun ishe ku ganin abin da ya gani a tsakar gida, yara na kallo.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka je neman kowane littafi, ɗauki jarka mai lita 25 da agogon wayarka ka tafi bakin aikinka. Tara ta a bakin tiyo ka ƙirga. In ta cika a daƙiƙa 25, famfonka lita ɗaya yake bayarwa a daƙiƙa, lita 3,600 a awa. Auna tsawon tiyon, auna faɗinsa, auna daga saman ruwa zuwa inda yake zuba, ka ƙirga gwiwoyi. Rubuta su a takarda, ka ninke ta ka sa a aljihun gaba. Da ita za ka shiga shagon, ka ce wa mai littattafai ya sauko maka da guda uku, ka ja benci ka zauna.